Wane almakashi ya dace da askin wardi?

Uwar Lambu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata a kan kayan askin wardi ce. Gindi 12 ne a Jos: takwas irin masu fitar da babban fure ɗaya a kan kowane reshe, biyu masu hawa katanga, biyu kuma tsofaffi ne da gindinsu ya kai kaurin ƙotar fartanya. A shago akwai almakashi iri biyu. Wani bakinsa biyu ne suna gifta juna, wani kuma baki ɗaya ne yana sauka a kan wani faffaɗan ƙarfe. Wanne ya dace? Kuma guda ɗaya zai isa duka aikin, ko sai an haɗa da wani abu?

Mai Renon Dashe: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai giftawa za ki ɗauka, babu wani dogon lissafi. Reshen wardi ɗanye yana da ɓawo mai laushi a waje, itace siriri a tsakiya, sai ɓargo fari kamar soso a ciki. Almakashi mai giftawa yana da baki mai kaifi guda ɗaya da ƙugiya mai kauri da take tallafe reshen, bakin ya wuce ta gefenta ya yanke tsaf. Ɗayan kuwa, wanda muke kira mai maƙera, danne reshen yake yi a kan ƙarfen nan kafin ya raba shi. Ɓawon ƙasa yana murƙushewa, ɓargon ya matse. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ki ga bakin yankan ya yi baƙi, baƙin yana gangarowa ƙasa har ya cinye idon da kike so ya tsiro.

Akwai dalili na biyu. Maƙerar tana da faɗi, ba ta barin ki kusanci ido ko gindin reshe, dole ki bar kututture. Kututturen nan kuwa shi ne ƙofar ruɓa.

Baba Maƙeri: Ɗana, ka yi gaskiya amma ka rage wani abu. Kada a sa baiwar Allah ta ɗauka mai maƙera kayan banza ne. Busasshen reshe fa? Wardin da ya tsufa ba ya rasa matattun rassa, kuma busasshen itacen wardi yana da tauri ƙwarai. Idan aka sa mai giftawa a kansa, itacen yana kutsawa tsakanin baki da ƙugiya ya buɗa su. Sau goma, sau ashirin, sai almakashin ya fara tauna maimakon yanka, ko da kuwa kaifinsa na nan. Mai maƙera ba shi da wannan matsala domin ƙarfin yana sauka ne kai tsaye. Tun 1923 kamfanin Löwe na Jamus yake ƙera irinsa, kuma masu gonakin 'ya'yan itace ba su daina saye ba.

Mai Renon Dashe: Baba, ban musa ba. Sai dai ko mataccen reshe za a cire, yankan ƙarshe a cikin ɗanyen itace yake faɗawa. Ƙa'ida ita ce a yi ta yankowa ƙasa har sai ɓargo ya fito fari ko kore-kore. In ya fito ruwan ƙasa, mutuwar ba ta tsaya nan ba, a ƙara sauka. To ka ga ko an rage busasshen da mai maƙera, sai an dawo wa mai giftawa a gama. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, mai giftawa zai saya, busasshe mai kauri kuma ya bar wa zarto.

Baba Maƙeri: A kan wannan mun daidaita.

Malamin Gona: Hajiya, amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, guda ɗaya ba zai isa ba, saboda tsofaffin nan biyu. Kaurin reshe ne yake zaɓar kayan aiki. Daga siririn reshe har zuwa kaurin ɗan yatsa, wato milimita 15 zuwa 20, aikin almakashin hannu ne. Kamfanoni suna rubuta milimita 25 a jikin kwali, amma wannan iyakar buɗewar baki ce a kan ɗanyen itace mai laushi, ba abin da za a yini ana yi ba. Daga kaurin babban yatsa zuwa santimita 3 ko 4, sai mai dogon mariƙi da ake kamawa da hannu biyu, shi ma mai giftawa. Tsawon santimita 50 zuwa 60 ya isa. Wanda ya fi haka yana buƙatar fili kafin ya buɗe, kuma cikin wardi babu fili. Abin da ya wuce nan, ko wanda ya bushe ƙayau, zarto.

Alamar cewa kin wuce ƙarfin almakashi guda uku ce: kin sa hannu biyu a kan na hannu ɗaya, kina murɗa shi hagu da dama, ko mariƙin ya fara lanƙwasa. Da zarar ɗaya ta faru, ki saki ki ɗauko na gaba.

Ɗan Lambu: Malam, ina da ja a kan mai dogon mariƙi. Ga mai gindi 12, kashe kuɗi ne kawai. Ƙaramin zarto mai naɗewa yana yin duk abin da zai yi, kuma yana shiga inda ba zai shiga ba. Tsohon wardi rassansa a cunkushe suke fitowa daga dunƙulen gindi. Bakin mai dogon mariƙi yana da kauri, ba ya kaiwa tushe sai ya gurje maƙwabcin reshe. Zarto mai siririn ruwa na santimita 13 zuwa 18 yana zurawa tsakani ya yanke daidai da dunƙulen.

Malamin Gona: Ka manta da ƙaya. Mai dogon mariƙi yana nisanta fuska da damtse daga cikin kurmin. Da zarto sai ka durƙusa ka cusa hannu har kafaɗa. Ga masu hawa katanga ma, rassansu dogaye ne masu lilo, zarto ba ya samun abin dogara, reshen yana bin ruwan gaba da baya, ɓawo ya yage.

Ɗan Lambu: Shi ya sa ake fara rage tsawon reshen da almakashi, a bar kamu biyu, a riƙe da hannun hagu mai safa, sannan a sa zarto. Amma na yarda, a kan masu hawa katanga maganarka ta fi ƙarfi. In kuɗi ya takura dai, jerin sayayya a wurina shi ne almakashi, safar hannu, zarto, sannan mai dogon mariƙi a ƙarshe.

Uwar Lambu: Na gode. Zarton kafinta da ke gida ba zai yi ba?

Baba Maƙeri: Ba zai yi ba 'yata. Haƙoran zarton kafinta ƙanana ne a matse, an yi su domin busasshen katako. Ɗanyen itace yana da ruwa, garinsa yana dunƙulewa ya cika tsakanin haƙora, sai zarton ya riƙa zamewa yana goge ɓawo. Ga shi da faɗin ruwa. Zarton lambu haƙoransa manya ne masu tazara, kuma irin na Japan, kamar Silky da ARS, a jawowa suke ci, ba a turawa ba. Wannan yana da muhimmanci a sani, domin yawancin ruwan da ke karyewa, mai shi ne ya danna da ƙarfi lokacin turawa, siririn ƙarfen ya lanƙwashe ya ɓalle. A tura a hankali kamar ana mayar da wuƙa kube, a ja da ɗan nauyi. Kuma a duba bakin haƙoran: in sun yi duhu fiye da sauran ruwan, an ƙona su ne da lantarki domin su yi tauri. Irin waɗannan magagari ba ya cin su, ba a wasa su, in sun dakushe sai a sauya ruwan. Saboda haka a tambayi mai shago ko ana samun ruwan shi kaɗai.

Adda kuma kada ma a kawo ta kusa. Tana tsaga reshe a tsaye, tsagar ta gangara har cikin dunƙulen aure, wato kumburin gindi inda aka haɗa reshen wardin da saiwar wani iri, ruwan damina ya kwanta a ciki.

Inna Mai Furanni: Duk kun yi maganar reshe, ba wanda ya yi maganar hannun mai yankan. Hajiya, kafin ki duba suna ko ƙasar da aka ƙera, ki riƙe almakashin ki cire makullinsa ya buɗe iyakarsa. Idan yatsunki huɗu ba su kama mariƙin ƙasa da gaɓarsu ta farko ba sai kin miƙe tafi, ya yi miki girma. Almakashin da ya fi hannu girma yana sa mutum ya riƙa yanka da ƙarshen baki, inda ƙarfi ya fi ƙaranci, kuma kafin a gama gindi biyar wuyan hannu ya ɗauki zafi. Felco 2, wanda kamfanin nan na Suwizalan yake yi tun 1948, na babban hannu ne, tsawonsa ya kai santimita 21 da rabi. Ga matsakaicin hannu akwai Felco 6. Bahago kuma yana da nasa, lamba 9, kuma ba ƙawa ba ce: idan bahago ya riƙe na dama, bakin yana komawa ɓangaren da bai dace ba, kuma ba ya ganin layin da yake yankawa. A wajen Okatsune na Japan, mai mariƙi ɗaya ja ɗaya fari, 101 ne ƙarami, 103 matsakaici, 104 babba.

Sai sifirin, wato ƙarfen da ke tsakanin mariƙai yana sake buɗe almakashin bayan an matsa. Ki matsa ki saki sau ashirin a jere a cikin shagon. Mai tauri da yawa yana gajiyarwa, mai laushi da yawa ba ya buɗe baki idan danƙo ya kama. Makullin kuma ya zama babban yatsa yana kaiwa gare shi, amma ba ya rufe kansa ana tsakiyar aiki. Wannan ƙaramin aibi ne a ido, amma shi ne yake sa a jefar da almakashi da yawa.

Ɗan Lambu: Inna, waɗannan sunaye da kika kira, kuɗin ɗaya zai sayi na kasuwa guda da yawa. Ga gindi 12 da ake yi wa babban aski sau ɗaya ko biyu a shekara, ina hikimar?

Inna Mai Furanni: Ai ba babban aski kaɗai ake yi da shi ba, ɗana. A Jos wardi ba ya barcin sanyi irin na Turai, kusan duk shekara yana fure, cire wanda ya yi yaushi kuwa aikin kowane mako ne. Amma ban ce dole sai mai tsada ba. Na kira su ne domin a gane girma.

Baba Maƙeri: Bari in raba wannan gardama da abin da ido zai iya gani. Ba suna ake saye ba, abu huɗu ake dubawa.

Na farko, tsakiyar. In noti ne da ƙusa mai zare, za a iya kwancewa a wanke, a wasa, a ɗaure. In kuwa an dasashe shi ne da ƙusar da aka buge kanta, ranar da ya yi sako-sako ya gama aiki. Na biyu, a rufe shi a ɗaga wa haske, a duba tsakanin baki da ƙugiya. In haske yana ratsawa, zai tauna ɓawo. Na uku, a riƙe mariƙi ɗaya a kowane hannu a girgiza gefe da gefe. Kada a ji wasa ko kaɗan. Na huɗu, a yanka takarda da shi, daga gindin baki har ƙarshe. In ya naɗe takardar a wani wuri, nan ne zai naɗe ɓawon wardi.

Mai arha da ya ci waɗannan huɗu zai yi aiki. Inda yake gazawa shi ne ƙarfen bakin: in bai sha wuta yadda ya kamata ba, kaifinsa ba ya kwana, ana wasawa yana lanƙwashewa. Da mariƙin da aka zuba da narkakken ƙarfe mara kyau, wanda yake karyewa daidai wajen noti. Jabu ma sun cika kasuwa da jan mariƙi irin na asali. Na asali kowane sashe nasa yana kwancewa kuma ana sayar da shi daban, baki, sifirin, noti. In mai shago ya ce ba a sauya bakin, a yi hattara.

Game da ƙarfe: mai yawan kabon ya fi ɗaukar kaifi ya kuma riƙe shi, amma yana tsatsa in an kwana ba a goge ba, kuma in ya yi tauri sosai irin na Japan, murɗawa ɗaya a kan busasshen reshe ko waya tana ɓantare masa baki. Wanda ba ya tsatsa ya fi haƙuri da sakaci, kaifinsa ne bai kai ba. Mai shafin baƙar roba a baki yana da santsi da farko, wasawa kaɗan shafin ya tafi, kada a ƙara kuɗi dominsa.

Uwar Lambu: Baba, tunda ka ambaci wasawa, yaya ake yi? Masu wasa wuƙa da injin suna zagayawa unguwa.

Baba Maƙeri: Kada ki ba su. Dutsen injin yana gudu da sauri, yana zafafa siririn bakin har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Kuma sun saba da wuƙa, za su ci gefe biyu. Bakin almakashi mai giftawa gefe ɗaya ne yake da gangare, ɗayan a shafe yake domin ya manne da ƙugiya. Ranar da aka ci shafaffen gefen, an buɗe tazarar da ba za ta sake rufuwa ba.

Ga yadda ake yi. A fara wanke danƙo da ruwan sabulu da soson ƙarfe mai laushi, ko a goge da ɗan kananzir, a busar. A shafa baƙin alƙalamin maka a kan gangaren. A ɗauki ƙaramin dutsen wasa mai laushi ko magagarin daimon, a kwantar da shi daidai da gangaren, wajen digiri 20 zuwa 25, a tura daga gindin baki zuwa ƙarshe ana bin lanƙwasar, hanya ɗaya. Bayan shafa uku a duba: in tawadar ta goge ko'ina daidai, kwanciyar dutsen ta yi, in bakin-bakin kaɗai ya goge, an ɗaga da yawa, in baya ne ya goge, an kwantar da yawa. Shafa biyar zuwa goma sun isa in ba ɓantarewa ya yi ba. Za a ji ɗan gashin ƙarfe ya taso a bayan. A kwantar da dutsen shafe-shafe a bayan, a ja sau ɗaya ko biyu, gashin ya faɗi. Ƙugiya ba a wasa ta, gogewa kawai take so.

Sai ɗauri. A ɗaure noti har almakashin ya ƙi buɗewa da kansa, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har sifirin ya iya tura shi. Daidai shi ne a ji bakin yana gogar ƙugiya a kashi biyu cikin uku na tsawonsa ta wajen ƙarshe. Ɗigon man keken ɗinki a tsakiya da kan sifirin. Man gyaɗa ko na girki yana daskarewa ya zama danƙo, ga ƙurar hunturu tana manne masa.

Malamin Gona: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In ƙara da riƙon, domin almakashi mai kyau ma yana ɓata reshe in an juya shi. Baki mai kaifi ya kasance ta ɓangaren da zai zauna a jikin wardin, ƙugiya ta ɓangaren da zai faɗi. Ƙugiya tana ɗan danne ɓawo, gara ta danne wanda za a zubar. A cusa reshen can cikin maƙogwaron almakashin, a matse sau ɗaya. Wurin yanka: milimita 5 zuwa 6 a saman idon da ke kallon waje, a ɗan karkace, gangaren ya nufi bayan idon. In an matso fiye da haka idon ya bushe, in an yi nisa a bar kututture. Wajen cire furen da ya gama, a sauko zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar, inda reshen ya kai kaurin fensir, domin tohon da zai fito daga siririn wuri ba zai iya ɗaukar babban fure ba.

Ɗan Lambu: Malam, duk wannan aune-aune, akwai abin da ya kamata a faɗa. A shekarun 1990 ƙungiyar masu wardi ta Ingila ta yi gwaji a lambunta na St Albans. Wasu an yi musu aski a tsanake, ido da ido, wasu kuma an bi ta kansu da injin askin shinge kawai. Waɗanda aka yi wa na shingen ba su gaza ba wajen fure. To me zai hana Hajiya ta sayi almakashin shinge ta huta?

Malamin Gona: Gwajin gaskiya ne, kuma ya nuna wardi ya fi yadda ake zato juriya. Karkacewar yankan ma, na yarda ba farilla ba ce, yanka a miƙe mai tsabta ya fi karkatacce mai tauna. Amma almakashin shinge sama kawai yake ragewa. Ba ya cire matacce, ba ya cire rassan da suka gicciye suna gogar juna, ba ya buɗe tsakiya. Kowane reshe da ya datse yana fitar da ƙanana biyu ko uku, shekara biyu sai cikin ya toshe. A damina irin ta Jos, ganyen da iska ba ta ratsa shi yana daɗewa a jiƙe, kuma cutar baƙin ɗigo tana buƙatar sa'o'i ne kawai na jiƙa kafin ta kama. Sannan takwas ɗin Hajiya irin masu babban fure ne a kan dogon reshe. Askin shinge furanni da yawa yake bayarwa, ƙanana, masu gajeren wuya. Ga wardin da aka jera a matsayin shinge, babu laifi, a bi da almakashin hannu a share cikin.

Ɗan Lambu: Na karɓi maganar irin furen. A kan jerin shinge dai ina nan a kan bakana.

Mai Renon Dashe: Abin da ba a taɓo ba shi ne tsabtace baki tsakanin gindi da gindi. Ba kowace cuta ce almakashi yake ɗauka ba. Baƙin ɗigo feshin ruwa ne yake yaɗa shi, cutar farin gari a ganye kuma iska. Amma gyambon reshe da ƙullutun nan mai kama da ƙari da ke fitowa a gindi, ta rauni suke shiga, kuma baki mai datti yana kai su. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 shi ne mafi sauƙi: a zuba a ƙaramar kwalbar feshi, a fara goge danƙo da tsumma, a fesa, a bari daƙiƙa 30. Danƙon nan dole a cire shi tukuna, in ba haka ba sifirit ɗin saman datti kawai yake wankewa. Lafiyayyu a fara yi wa aski, masu alamar ciwo a ƙarshe, kuma a kansu bayan kowane yanka ake fesawa.

Inna Mai Furanni: Bilic fa? Ya fi arha, kowane gida akwai. Kashi 1 a ruwa kashi 9.

Baba Maƙeri: Yana kashe cuta, yana kuma cin ƙarfe. Ƙananan ramuka yake yi a baki da sifirin, ramukan su zama maɓoyar datti. In babu wani sai shi, a haɗa sabo ranar aikin, a ɗauraye da ruwa bayan an gama, a busar sarai, a shafa mai. Kada a bar almakashi ya kwana a ciki. Wuta ma kada a sa, tana kashe taurin baki.

Ma'aikaciyar Jinya: Hajiya, a saka kariyar jiki cikin lissafin kayan aiki. Safar roba ko ta yadi ƙaya tana huda ta kai tsaye. A nemi ta fata mai dogon wuya har kusa da gwiwar hannu. Fatar akuya ta fi dacewa a tafi da yatsu domin tana da laushi, ana jin abin da aka riƙe, wuyan kuma a yi shi da fatar saniya mai kauri. Dukawanmu za su iya ɗinka ta in an kai musu awo. Kada ta yi yawa a yatsu, ƙarshen da ya yi saura yana shiga bakin almakashi. Tabarau ma wajibi ne a kan masu hawa katanga, reshen da aka ja aka saki yana dawowa daidai fuska.

Sukar ƙaya a wanke da sabulu nan take, a tabbatar ba a bar tsinin a ciki ba. Wanda ya shekara 10 bai yi allurar tetanus ba ya sabunta, tunda ana aiki da taki da ƙasa. Akwai kuma wata cutar fata da naman gwari ke kawowa ta sukar ƙaya, har ana kiranta cutar masu lambun wardi: ƙurji ne mara zafi da ke fitowa bayan makonni, ya ƙi warkewa, wasu su biyo shi a jere suna hawa damtse. In an ga haka a je asibiti a faɗi cewa ƙaya ce ta soka, domin maganin ƙwayoyin cuta na yau da kullum ba ya yi mata.

Uwar Lambu: Allah ya saka. Saura abu biyu. A gindin ɗaya daga cikin tsofaffin akwai wasu rassa masu ƙananan ganye da ke fitowa daga ƙasa, da me zan yanke su? Kuma wasu suna cewa a shafa fenti a bakin yanka.

Mai Renon Dashe: Ki tona ƙasar a hankali da ƙaramin cokalin lambu ki ga inda suka fito. In daga saman dunƙulen aure ne, sabon reshe ne na wardin kansa, shi ake nema, kada ki taɓa. In daga ƙasan dunƙulen ne ko daga saiwa, na uwar da aka yi auren a kanta ne, kuma in an bar shi zai shanye abincin har na saman ya mutu. Ganye ba hujja ba ne shi kaɗai, mafita ce hujja. Wannan ba aikin almakashi ba ne. In kin yanke shi a saman ƙasa aski kika yi masa, biyu ko uku za su fito. Da safa a hannu, ki kama shi daga tushe ki fizge ƙasa, ya taho da idanun da ke kwance a gindinsa. In ya riga ya yi itace ba ya fizguwa, wuƙar aure mai kaifi, wato ƙaramar wuƙar da ake haɗa dashe da ita, za ki sa ki sassaƙe shi daidai da saiwar, ki mayar da ƙasa ki danne.

Fenti kuwa a'a. Fentin mai da kwalta suna kulle danshi a ciki, yanka mai tsabta da kansa yake bushewa. A Amurka wasu suna ɗiga farin gam na kafinta a kan manyan yanka saboda ƙwarin da ke huda ɓargo. In kin ga rami a tsakiyar tsofaffin yankanki, ɗigo ɗaya a kan duk wanda ya fi fensir kauri ba zai cutar ba. In babu rami, ki bar shi.

Malamin Gona: Abin da ya fi fenti amfani shi ne ranar da aka zaɓa. A yi askin da hantsi bayan raɓa ta bushe, ranar da ba a sa ran ruwa, raunin ya samu yini guda ya ƙafe. A kwashe duk abin da aka yanke daga gindin, masu ciwo a ƙone su, kada su shiga ramin taki. Tsofaffin nan biyu kuma kada a sare manyan rassansu gaba ɗaya. Ɗaya cikin uku a bana, mafi tsufa da furfurar ɓawo, sauran a shekaru biyu masu zuwa.

Baba Maƙeri: In zarton ya bar gefen yankan da gashi-gashi, a bi da wuƙar aure a shafe ɓawon zagaye. Kuma wayar da aka ɗaure masu hawa katanga da ita, filaya za a sa mata. Wasu almakasai suna da ɗan gurbi a gindin baki domin siririyar waya. In naki ba shi da shi, ko sau ɗaya kada ki gwada.

Uwar Lambu: To na fahimta. Mai giftawa daidai hannuna mai noti, zarton lambu, safar fata, dutsen wasa da sifirit. Mai dogon mariƙi sai na zo kan masu hawa katanga. Baba, dutsen da ruwa ake jiƙa shi ko da mai?

Baba Maƙeri: Ya danganta da dutsen, 'yata. Ki ɗiga masa ruwa: in ya shanye, na ruwa ne, ki jiƙa shi minti 10 kafin aiki kuma kada mai ya taɓa shi. In ruwan ya tsaya a sama kuma dutsen yana da maiƙo, na mai ne, man keken ɗinki zai yi. Na daimon a bushe ma yana ci, ki goge shi da tsumma in kin gama.